Marayun Albasa da Hannun Baffa

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, kai ne ka ce aikin da muka yi a zamaninmu wasa da ƙasa ne, ko? Wai a zuba ƙasa a tukunya, a dasa albasa, a koma inuwa a miƙe ƙafa. To madalla. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Yau za ku ji yadda wasa da ƙasar nan ya kusa raba ni da aikina, ina durƙushe ina kallo, bakina a rufe.

Ni ɗan marina ne. Ubana marini, kakana marini, a nan Tambuwal, da shuɗin hannu na yi wayo. Shekarun farko bayan samun mulkin kai, lokacin Jihar Arewa na nan da ranta, aka turo mana wani malamin gona, Malam Iro, Bazazzagi, dogo siriri, da kekensa da alƙalami uku a aljihu. Wata safiya ya jingine keken a bakin marina, ya buɗe wani akwatin katako, ya fito da 'yan kwalabe goma sha ɗaya, kowace da ruwa shuɗi a ciki. Manyanmu suka ɗauka mai tallan turare ne. Ya ce wa zai jera masa su daga mai haske zuwa mai duhu? Na goge hannu na jera su kafin ya gama gyara wuyan wandonsa, sannan na ce masa, "Malam, biyun nan ai ɗaya ne, an cuce ka." Ya yi dariya, ya ce shi ya cuci kansa da gangan. Ya ce in zo gonar gwaji gobe da sassafe. Shi ke nan jarrabawar da na ci.

Ga abin da yake nema, ku saurara da kyau don ba zan maimaita ba. A cikin ƙasa akwai wani abincin shuka da ake kira fosfaras, shi ne abin da ke cikin takin sufa. Abincin nan malalaci ne, ba ya tafiya wurin saiwa, inda yake nan yake zaune. Ita kuwa albasa saiwarta gajera ce, ba ta kai nesa. To akwai wani farin zare a cikin ƙasa, dangin funfuna, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Yana shiga cikin saiwa ya zauna, ya miƙa ɗaya bakin can nesa, ya ɗebo fosfaras ya kawo wa albasa, ita kuma ta ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa. Dillali ne dai. Aikinmu mu auna nawa dillalin nan yake kawowa. Ta yaya kuwa ake sanin amfanin mutum? Sai ranar da ba ya nan. Saboda haka sai mu kashe shi a wasu tukwane, mu bar shi a wasu, mu ga bambanci.

Dafa ƙasa shi ne aikin farko da aka sa ni. Mu je fadama mu ɗebo, mu shanya, mu tankaɗe da rariya kamar garin tuwo. Sannan ga gangar ƙarfe, ruwa a gindinta, faifan ƙarfe mai huji a tsakiya, ƙasar a cikin buhu a sama, a rufe a hura wuta. Turara ta ake yi kamar dambu, daga hantsi har la'asar, gobe a sake. Hayaƙi ya cika maka ido, gumi ya jiƙa maka wando. Yadda ake sanin ta nuna kuwa, sai a tura dankali guda a tsakiyar buhun. In dankali ya nuna har ciki, ƙasa ta nuna, duk wani mai rai da ke cikinta ya mutu. Dankalin nan ni nake cinye shi, kuma wallahi ban sake cin mai daɗinsa ba.

Kafin wata guda gari ya raɗa mini suna, Mai Dafa Ƙasa. Mutane su tsaya a bakin shinge su riƙe haɓa. Wata tsohuwa ta ce in yunwa ce ta kai gwamnati ga haka, a faɗa mata, tana da ɗan gero. Wani ɗan kokawa daga Jabo ya zo da zakara a hammata, ya ja ni gefe, wai in auna masa mudu guda na dafaffiya. Wai in ya jiƙa ya sha, ƙasa ta san shi, ba za ta karɓi bayansa ba. Na ce bawan Allah, babu komai a cikinta, don ma kada a sami komai muka dafa ta. Ya kashe mini ido ya ce, "Haka masu asiri ka cewa." Na damƙa masa hannu guda don in rabu da shi, zakaran kuma na ce ya tafi da abinsa. Ranar kasuwa a karon farko aka buga shi da ƙasa, tim! Washegari sai ga shi ya dawo yana ɗingishi, wai ba ta nuna ba, in ƙara mata wuta.

Jera tukwane aiki ne na yini guda. Tukwane sittin na yumɓu, kowace da lambarta da farin fenti a gindi, a kan benci uku cikin rumfa. Duka dafaffiyar ƙasa ce a ciki. Layi na farko, ashirin, ba a ƙara musu komai, su nake kira marayu. Layi na biyu a sa musu cokali guda na ɗanyar ƙasar fadama da guntayen saiwa, wato an mayar musu da dillali, su ne masu gata. Layi na uku a barbaɗa musu sufa, su ne 'ya'yan sarki. Kowane layi da cokalinsa, da butarsa, da tsummansa. Ruwan ma tafasasshe ne wanda ya huce. Kullum da marayu ake farawa, kuma kafin ka taɓa su sai ka wanke hannu da sabulu har gwiwa, don ƙwayar ƙasa guda a ƙarƙashin farce ta isa ta kai musu zaren. Sau ɗaya na ɗauki cokalin masu gata na tona marainiya da shi. Malam Iro bai ɗaga murya ba. Ya ce in juye tukunyar, in hura wuta, in sake dafawa daga farko, kuma a ranar shi ya cinye dankalin ina kallo.

Mafi wuya a aikin nan shi ne kallon marayu. Mako biyar da dashe sai ka ga masu gata sun miƙe kore shar, 'ya'yan sarki suna taƙama, su kuwa marayu sun tsaya kamar tsinken tsintsiya, bakin ganye ya bushe. Kai kake ba su ruwa, kai ka san maganinsu, ga buhun sufa nan a kusurwa, kuma ba dama. Manomi in ya leƙo sai ya girgiza kai ya ce mana, "Ku dai ku ji tsoron Allah." Malam Iro ya ce mini ramarsu ita ce ma'auninmu, ranar da suka yi ƙiba ranar aikinmu ya mutu.

Ranar cira ita ce ranar da ake sanin ma'aikaci. A fasa tukunya a hankali, a wanke saiwa a kan rariya da gashin kaza, don ko silin guda ba a so ya tafi. A yanki kaɗan a ba Malam ya duba a madubi ko zaren ya shiga. Sauran a sa a ambulan mai lamba, a busar, a auna a wani ɗan sikeli da ke cikin akwatin gilashi, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Sannan a ƙone a ɗan kasko har ya zama farar toka, a narkar da tokar a wani ruwa mai cin tufa, a ɗiga magani. Sai ruwan ya juya shuɗi. Yawan fosfaras, yawan duhun shuɗin. Nan ne nake sarauta. In ɗaga kwalba gaban farin ƙyalle da hasken safe, in kwatanta da kwalaben akwatin Malam, in ce wannan ta wuce ta biyar ba ta kai ta shida ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon ɗan marina.

To, mu zo ga muguwar shekara. Rani na uku ke nan da fara aikina, kuma har lokacin lebura nake, ba a tabbatar da ni ba. Ranar dashe Malam Iro ya zaunar da ni ya ce manyansa na Zariya sun gaji da jira. In gwajin bana ya fita tsaf, za a tabbatar da ni ma'aikaci, da kaki da lamba. In ya lalace, a rushe rumfa, shi a mai da shi ofis, ni in koma bakin marina. Ga shi ban daɗe da auren Kulu ba, kuma duk danginta a Kebbe an gaya musu ta auri ma'aikacin gwamnati.

Mahaifinta, wanda muke kira Baffa, manomin albasa ne da ake ji da shi a fadamar Kebbe, yana kuma da 'yan shanunsa. Ku yaran yanzu kuna gaisawa da surukanku hannu da hannu, har ku dafa kafaɗa a ɗauki hoto. Mu a lokacinmu in na hango Baffa a hanya sai in ratse cikin gero. Ban taɓa kallon fuskarsa ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko wani mai irin sunan na haɗu da shi sai in ce mai sunan Baffa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye, sai dai ya faɗa wa iska ni kuma in ɗauka. In da za a tara dattawa goma a ce in nuna surukina, da ƙafa zan gane shi, don ita kaɗai na sani.

Mako shida da dashe, Malam Iro ya hau motar kasuwa ya tafi Sakkwato ɗauko magani. Gab da azahar ina cikin rumfa ina goge benci, sai na ji sallama. Na waiga, na ga ƙafa. Takalmin fade ne na fatar saniya, da babban yatsa mai tsagaggen farce. Na zube ƙasa na durƙusa, tsumma a hannu. Ashe ya shigo kasuwar Tambuwal ne, ya biya ya ga ɗiyarsa, ita kuma ta nuna masa hanya.

Ya ce wa rumfar, "An ce nan na aka noman gwamnati."

Ya fara da 'ya'yan sarki, ya ce, "Hm." Ya zo kan masu gata, ya cusa hannu cikin tukunya, ya ɗebo ya shinshina. "Wagga ƙasa da ranta," in ji shi. Hannu ba wanki, ba sabulu! Amma na ce a raina da sauƙi, masu gata ne. Sai ƙafar ta juya ta nufi layin marayu, ta tsaya cak.

"Subhanallahi! Wa yay yi ma wa'anga mugunta?"

Ya ɗebi ƙasarsu ya shinshina, ya tofar da yawu. "Wagga gawa ta. An dasa ɗiyan mutane cikin gawa." Ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga. "Ko nono ba shi kwana sai an sa mai tsohon nono. Mi aka koya ma yara a makarantun nan?"

Sai ya koma layin masu gata ya cika tafin hannu, ya dawo. Ya yi bisimilla, ya danna babban yatsa a gindin marainiya, ya cusa mata ɗanyar ƙasa har can ciki, ya shafe. Ya nemi wata ya cusa. Ba bi da bi yake yi ba, wadda ta fi ban tausayi yake zaɓa. Jama'a, aikin wata fuɗu, itace kaya nawa, hayaƙin da na sha, duk ga shi nan ana binne shi da yatsa guda, kuma da bisimilla! Kaina na sunkuye, don haka ba abin da nake gani sai ƙafarsa da gindin tukwane, lamba bayan lamba. Uku. Goma sha bakwai. Fuɗu. Tara.

Na ce a raina, kai, mutuwa ɗaya ce, yi magana. Na tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na buɗe baki na ce, "Ranka shi daɗe..."

Ƙafar ta tsaya. Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ce, "Yauwa," ya ci gaba.

Ladan ne ya cece sauran. Yana kan ta goma sha ɗaya aka kira salla. Ya ɗauki butar marayu ya ba su ruwa har ƙasar ta zauna, ya goge hannu a riga, ya gaya wa ƙofa cewa sauran tara sai in ya komo. Yana fita na yi wuf na ɗauki cokali in tono abin da ya cusa, amma ina, ruwa ya riga ya haɗa komai. Ban san dalili ba, na dai jawo gwangwanin farin fenti, na kwanta rigingine a ƙarƙashin benci, na rubuta lambobin nan goma sha ɗaya a cikin katakonsa yadda suka zo. Sannan na zauna a ƙasa na riƙe kai. Tsoro na ji, ba ƙarami ba.

Da na koma gida na gaya wa Kulu. Matar nan ta yi dariya har ta saki muciya. Ta ce, "Sannu da aiki! Wayyo cikina! To kai mi ya hana ka ce mai a'a?"

Na ce, "Ke kin taɓa ce masa a'a?"

Ta ce, "Ni ai ɗiyatai ta, kullum nika ce mai."

Malam Iro ya dawo, na ja bakina na yi shiru, ina roƙon Allah ya sa dillalin nan ya yi lalaci ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ina! Mako uku sai ga marayu sun fara murmurewa. Goma sha ɗaya sun yi kore, sun miƙe, suna neman kamo masu gata, tara na nan a ramarsu. Ban taɓa baƙin cikin ganin albasa ta yi kyau ba sai a ranar. Malam ya tsaya gabansu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Ka ci dankalin ɗanye ne?"

Na ce, "Wallahi ya nuna, Malam."

"Ka haɗa cokula?"

"Ban haɗa ba."

"To me ya faru?"

Na ce, "Wani babban mutum ne ya shigo."

"Wa?"

"Ba na iya faɗin sunansa."

Ya rage murya ya ce, "Hakimi?" Na ce a'a. "Alƙali?" Na ce a'a. Ya ce wane irin mutum ne ya fi hakimi da alƙali, kuma ba a faɗin sunansa? Na ce irin wanda ba a kallon fuskarsa. Sai ya jefar da hula ƙasa. "Aljani! In rubuta wa Zariya in ce aljani ya shigo ya yi wa albasa taki?" Na ce ina da lambobin tukwanen da aka taɓa. Ya ce kowa mai ido yana da lambobin, ga su nan sun yi kore. Ya ce ya ba ni zuwa ranar cira. Ko in kawo masa mutum da jini da tsoka ya faɗi abin da ya zuba, ko in ɗauki takardar sallama.

Gaba kura baya sayaki ke nan. A wancan zamani in aka ce mutum ya ɓata kayan gwamnati, kowa gidan yari yake tunawa. In kai ƙarar surukina da bakina? Da wane ido zan sake shiga Kebbe? In yi shiru kuma, kaki ya tafi. Na zaɓi shiru. Na ma je na leƙa marina na ga ko gurbina na nan, ƙannena suka tarbe ni da waƙa, wai Mai Dafa Ƙasa ya sauke tukunya. Abin da ban sani ba, Kulu ta gama dariyarta ta aika wa ubanta saƙo ta bakin fataken albasa, ba ta ko shawarce ni ba.

Ranar cira muka fara tun da asuba. Na fasa, na wanke, na miƙa. Malam ya duƙa kan madubi yana duba saiwar marayu, yana ganin zare a inda bai kamata ba, yana tsaki. Takardar sallamata na nan a aljihunsa tsakanin alƙaluman nan uku, ina ganin kanta ya leƙo. Hantsi ya ɗaga sai muka ji kukan jaki a bakin shinge, sannan sallama. Na ga ƙafa. Na tsallake benci na shige kusurwa na fuskanci zana.

Baffa ya ce, "Kai na Bazazzagin? An ce kana neman aljani. To ga ni."

Malam Iro ba surukinsa ba ne, don haka ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Baba, kai ka taɓa tukwanen nan?"

"Ni na sa musu ƙasa, da wanga yatsa. In laifi na, a kai ni gaban alƙali, jakina na nan a ɗaure. Amma ka gaya mini, wace makaranta ta koya maka ka kashe ƙasa, sannan ka zauna kana mamakin yunwa?"

Malam ya fasa faɗan da ya yi niyya. Ya ce, "Daga ina ka ɗebo ƙasar?"

"Daga wa'ancan masu lafiya."

"Kamar yaya yawanta?"

Baffa ya nuna kan babban yatsansa.

"Wa ya gaya maka hakan zai yi magani?"

"Wa ya gaya mini? Ubana! Shi ma ubanai. Kowane sabon fangalin albasa munka buɗe a fadama sai mun kai mai kwandon ƙasa daga tsohon fangali, in ba haka ba albasa ba ta kamawa. Wanga ko mata sun san shi."

Sai na ji ƙarar kujera, Malam Iro ya zauna. Na ji an zare alƙalami. Ya riƙa tambaya yana rubutawa, kwando nawa, wane lokaci, daga wane irin fangali, Baffa yana amsawa yana haɗawa da gori. Can Malam ya ce, "To Baba, waɗanne tukwane ka sa wa?"

"Ƙirga su na yi? Wa'anda sunka fi ban tausai."

Malam ya yi ajiyar zuciya. Ya ce in ba a san waɗanda aka taɓa tun ranar ba, to duk maganar banza ce, Zariya za su ce dafuwar ce ba ta yi ba. Ni kuwa ina kusurwa, hancina a jikin zana. Ba zan iya magana da Baffa ba, ba zan iya magana a kan Baffa ba. Sai na ce wa zanar, da ƙarfi, "A kifa bencin marayu."

Aka kifa. Ga lambobi goma sha ɗaya da farin fenti, ya bushe ya daɗe har ya fara ɓarewa, zanzaro ma ya gina ɗakinsa a kan ta ƙarshe, sai da Malam ya kankare da wuƙa. Ya riƙa karantawa yana duba littafinsa. Uku, akwai zare. Goma sha bakwai, akwai zare. Fuɗu, akwai. Har goma sha ɗaya, ba ko ɗaya da ta kuskure, kuma sauran tara fes suke, babu ko sili. Ashe dafuwata ta yi.

Baffa yana da albasar sayarwa, ya kwana uku a gari, mu kuma muka busar muka ƙone muka narkar. Safiya ta uku na ɗaga kwalabe gaban farin ƙyalle. Marayu tara shuɗinsu kamar ruwan ɗauraya na ƙarshe. 'Yan goma sha ɗayan nan kuwa sun yi duhu sosai, saura ƙiris su kamo masu gata. Malam Iro ya riƙa zagaye rumfa yana magana shi kaɗai. Wai layi uku ya shuka, ga shi ya girbe fuɗu. Wai ƙasa kan yatsa guda, mako shida a makare, ta yi wannan aiki, kuma da ya shekara goma yana tunani ba zai yi wannan gwaji ba. Ya ciro takardar sallama ya jefa a murhu, ya zauna ya rubuta wata zuwa Zariya ta neman a tabbatar da ni, ya karanta mini ita da bakinsa. Kafin damina ta sauka kakina ya iso, ya yi mini yawa a kafaɗa, ban kuma bari an rage shi ba.

Amma a ranar da na ɗaga kwalaben nan, da la'asar, Baffa ya biyo ta bakin shinge zai kama hanyar Kebbe. Na fito na durƙusa nesa kaɗan. Ya tsaya yana gyara wa jakinsa akumari, ya daɗe yana ja yana ɗaurewa. Sannan ya dafa wuyan jakin, ya yi masa magana a kunne, amma yadda duk unguwa za ta ji.

"Ka ji wani abin mamaki? Wai mutum shina durƙushe, shina kallo, anka ɓata mai aikin wata fuɗu, bai ce uffan ba. Har da sannu da aiki. Wanga ai ba ma'aikaci ba na, ban san mi gwamnati ta gani gare shi ba."

Jaki ya kaɗa kunne. Baffa ya kwance igiya, ya yi taku biyu, ya sake tsayawa.

"Amma fa da ya ce uffan, da ran nan Kulu ta kwana Kebbe."

Na rasa wanda zan ba amsa. Sai na dubi jakin na ce, "Allah shi kai ku lafiya."